Daga gona zuwa jini: yadda ake lissafin abincin gida da tsare hanyoyin samunsa

Mutum zai iya ci sau uku kullum, cikinsa ya cika dam, amma jikinsa yana fama da yunwa. Ƙoshi abu ne mai sauƙi, ana samunsa da duk abin da ya cika tumbi. Ginuwar jiki kuwa sai abin da aka ci ya narke, ya ratsa hanji, ya shiga jini, kuma ya kasance yana ɗauke da abin da jikin ke nema a lokacin. Don haka wanda nauyin ciyar da gida ke wuyansa, daga jikin mutanen gidan ya kamata lissafinsa ya faro, sannan ya yi baya zuwa tukunya, ma'ajiya, kasuwa da gona. Akasin haka aka fi yi: a sayo abin da ya yi araha, a dafa, in kowa ya ƙoshi a ce an ciyar da iyali.

Abin da jiki ke nema da yawa

Na farko shi ne kuzari, wanda ake aunawa da kalori. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, na furotin ma 4, na mai kuwa 9. Baligi mai matsakaicin aiki yana buƙatar tsakanin 2,000 zuwa 2,500 a rana, mai aikin ƙarfi kamar noma ko dako yana iya haura 3,000. Mai ciki tana buƙatar ƙarin kusan 340 a watanni ukun tsakiya, da kusan 450 a ukun ƙarshe. Mai shayarwa ƙarin kusan 500, wato ta fi mai ciki buƙata, abin da gidaje da dama ba su lura da shi: ana lallaɓa mace tana da ciki, da ta haihu hankali ya koma kan jariri.

Na biyu furotin, abin da ake gina tsoka, jini da fata da shi. Ƙa'idar ita ce kusan giram 0.8 ga kowane kilo na nauyin baligi, wato mai kilo 60 yana neman giram 50 a rana. Sai dai furotin ba iri ɗaya ba ne. An harhaɗa shi ne da ƙananan sinadarai, tara daga cikinsu jiki ba ya iya ƙerawa, dole sai an ci. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya mai suna laisin, wake da danginsa kuwa suna da shi sosai amma suna da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi ke da shi. Shi ya sa hatsi da wake tare suke yin aikin da ko wanne shi kaɗai ba zai yi ba. Ba lallai sai a kwano ɗaya ba, a wuni ɗaya ma ya wadatar. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6 na cikakken furotin, kuma nama, kifi da madara duk cikakku ne.

Na uku mai. An yi ta tsoratar da mutane game da shi har wasu suna ganin guba ne, alhali bitamin A, D, E da K ba sa shiga jini sai da mai. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada mai ya wuce kashi 30 cikin 100 na kuzarin rana, sukarin da ake zubawa kada ya kai kashi 10, gishiri ƙasa da giram 5, wato bai cika ƙaramin cokali ba. Kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kuma aƙalla giram 400 a rana, ban da dankali da rogo, domin su sitaci ne.

Yadda ake fitar da lissafin wata

Hukumomin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya suna tsara rabon abinci a kan kalori 2,100 ga mutum ɗaya a rana. Wannan adadi yana da amfani ga gida ma, domin ana iya mayar da shi busasshen kaya da ake iya aunawa a sikeli: hatsi giram 420 yana ba da kusan kalori 1,500, wake giram 60 kusan 200, mai giram 30 kusan 265, sauran ya fito daga ɗan sukari, kayan lambu da abin da aka samu na dabba. Wannan haɗi yana ba da furotin sama da giram 50. A kira shi kaso ɗaya.

A ɗauki gida mai mutum biyar: miji mai neman 2,500, mata mai shayarwa 2,500, yaro ɗan shekara 10 kusan 1,900, ɗan shekara 4 kusan 1,300, da jaririn wata 10 wanda ke neman kusan 300 daga abinci ban da nono. Jimla 8,500, wato kaso huɗu. A rana ke nan hatsi kilo 1.7, wake giram 240, mai giram 120. A wata: hatsi kilo 50, wake kilo 7, mai lita 4, gishiri bai wuce giram 600 ba. Kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kusan kilo 1.5 kullum, kuma nan ne yawancin gidaje ke faɗuwa, domin shi ne abin da ba ya ajiyuwa.

Wurare biyu lissafin ke ɓaci. Na farko, mutane suna mantawa da abin da ke zubewa wajen surfe, niƙa, tankaɗe da ɓarnar ƙwari. Hatsin shekara na wannan gida ya ɗan haura kilo 600 a takarda, amma mai hankali zai tanadi kusan 700. Na biyu, musanya hatsi da saiwa kilo da kilo. Ɗanyen rogo yana da kusan kalori 160 a giram 100, dankalin Turawa bai kai 80 ba, busasshen hatsi kuwa kusan 350. Kilo ɗaya na hatsi sai an kawo fiye da kilo biyu na rogo ko fiye da kilo huɗu na dankali kafin a maye kuzarinsa, kuma furotin na rogo bai kai giram 2 cikin 100 ba. Gidan da rogo ne abincinsa dole ya ninka wake, gyaɗa ko kifi.

Ƙananan sinadaran da rashinsu ke kwantar da mutum

Waɗannan ana buƙatarsu ne ɗan mitsitsi, amma tarihi cike yake da mutanen da suka mutu da cikakken ciki saboda rashinsu, kuma kusan kullum musabbabin yana cikin yadda aka sarrafa abincin ne ko yadda aka dogara ga iri ɗaya.

A shekarun 1890, wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, yana aiki a tsibirin Jaba da ke Indonesiya ta yau ya lura cewa kajin da ake ba farar shinkafa da aka goge tas suna shanyewar ƙafa, waɗanda ake ba mai dusa kuwa lafiyarsu ƙalau. Cutar beriberi ke nan, rashin bitamin B1 wanda ke zaune a dusar. Maganin a aikace: in shinkafa ce babban abincin gida, a fi son wadda aka turara kafin a cashe, domin turarawa tana tura bitamin zuwa cikin ƙwayar. Kada a yi ta wanke ta sau biyar, kada kuma a dafa da ruwa mai yawa a tsiyaye.

Masara tata matsalar daban. Bitamin B3 da ke cikinta a ɗaure yake, jiki ba ya iya cirewa. Mutanen Meziko da Amurka ta Tsakiya, inda masara ta samo asali, suna dafa ta da ruwan farar ƙasa ko toka, wanda ke sakin bitamin. Da masarar ta bazu duniya ba tare da wannan dabara ba, sai cutar felagira ta bi ta: fata ta yi baƙi ta yi kaushi a inda rana ke duka, ga gudawa, ga ruɗewar hankali. Wani likita mai suna Joseph Goldberger ne, daga 1914 a kudancin ƙasar Amurka, ya nuna cewa abinci ne ke jawo ta, ba kamuwa ake yi ba. Gyaɗa, wake, madara ko nama kaɗan tare da masara suna hana ta.

Sinadarin ƙarfe shi ne wanda rashinsa ya fi yawa a duniya, kuma alamarsa ƙarancin jini: kasala, haki da ɗan aiki, cikin fatar ido da tafin hannu su yi fari. Na cikin nama, hanta da kifi yana shiga jini da sauƙi. Na cikin wake, hatsi da ganye kaɗan ne ke shiga, sai an taimaka masa. Bitamin C yana taimakonsa, don haka lemu, tumatir ko gwaba tare da abincin suna ƙara abin da jiki zai samu. Shayi da kofi kuwa suna hana shi, a ba su tazarar aƙalla awa ɗaya da cin abinci. Jiƙa hatsi da wake, tsirar da su, ko barin ƙullu ya yi tsami yana rage wani sinadari mai suna fitet da ke ɗaure ƙarfe da zinki. Mai ciki, abinci kaɗai ba ya isarta, shi ya sa ake ba ta ƙwayar ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid, wani nau'in bitamin B, maikrogiram 400 kullum.

Aidin: baligi yana neman maikrogiram 150 a rana, mai ciki 250. Rashinsa yana kawo maƙoƙo, abin da ido ke gani, amma ɓarnar da ta fi muni ita ce ta ƙwaƙwalwar ɗan tayi, wadda ba a gani kuma ba ta gyaruwa. Gishiri mai aidin ya wadatar, in an adana shi a rufe, nesa da zafi da danshi. Gishirin da aka bari a buɗe kusa da murhu wata da watanni, aidin ɗinsa raguwa yake yi.

Bitamin A yana cikin hanta, ƙwai, madara, da kuma karas, kabewa, mangwaro, gwanda da ganye mai duhun kore, amma na tsirrai sai da ɗan mai. Alamar farko ta rashinsa dundumi ne, yaro ya riƙa tuntuɓe da magariba. Bitamin C kuwa jiki ba ya ajiye shi da yawa: wata ɗaya zuwa uku babu ɗanyen abu, sai dasashi ya fara jini, miki ya ƙi warkewa. Ita ce cutar da ta riƙa kashe matuƙan jirgin ruwa a da, wadda likita James Lind ya gwada lemu a kanta a 1747.

Ba sai an haddace duk wannan ba. Akwai gwaji mai sauƙi da masana ke yi wa mata masu shekarun haihuwa. Rukunin abinci goma ne: hatsi da saiwa, wake, gyaɗa da makamantanta, madara, nama da kifi, ƙwai, ganye mai duhun kore, kayan lambu da 'ya'yan itace masu launin ruwan lemu, sauran kayan lambu, sauran 'ya'yan itatuwa. A tambaya: jiya guda nawa aka ci? Biyar ko fiye, da alama ƙananan sinadarai suna samuwa. Biyu ko uku kullum, akwai matsala ko da kowa yana ƙoshi.

Ƙaramin yaro lissafinsa daban

Wata shida na farko nono zalla, ko ruwa ba a ƙarawa. Daga nan a fara abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Ɗan wata 6 zuwa 8 yana neman kusan kalori 200 daga abinci, sau biyu zuwa uku a rana. Ɗan wata 9 zuwa 11 kusan 300, ɗan shekara ɗaya zuwa biyu kusan 550, sau uku zuwa huɗu da ɗan abin taɓawa a tsakani.

Abin da ke kayar da yara a nan shi ne ƙanƙantar ciki. Cikin yaro yana ɗaukar kusan mililita 30 ga kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 8 kofi ɗaya ya cika shi. In aka cika kofin da kunu mai ruwa tsululu, yaro ya ƙoshi, ya yi barci, amma abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. A ɗebi kunun a cokali a karkata: in ya zube kamar ruwa, ya yi tsinkewa, in ya tsaya ya gangaro a hankali, ya yi. A zuba ƙaramin cokali na mai ko niƙaƙƙiyar gyaɗa, a murƙushe ƙwai, kifi marar ƙaya ko dafaffen wake a ciki. A ba yaro kwanonsa shi kaɗai, domin in yana ci da manyan yara babu wanda zai san nawa ya samu. Zuma kuwa ba a ba wanda bai kai shekara ɗaya ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jijiyoyi.

Hanyoyin da abinci ke zuwa

Taron ƙoli kan abinci da aka yi a Rum a 1996 ya bayyana wadatar abinci da cewa kowa, a kowane lokaci, ya iya samun isasshen abinci mai tsabta mai gina jiki. Daga nan aka fitar da tambayoyi huɗu da suka dace da gida kamar yadda suka dace da ƙasa: akwai abincin? Ana iya kai hannu gare shi? Jiki yana amfana da shi? Zai ɗore?

Tambaya ta biyu ita aka fi rainawa. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya nuna cewa a yunwar da aka yi a yankin Bengal na Indiya a 1943, wadda ta kashe mutum miliyan biyu zuwa uku, babban abin da ya faru shi ne farashi ya tsere wa abin da leburori ke samu, ba wai shinkafa ta ƙare ƙaf ba. Abinci yana iya cika kasuwa mutum ya mutu a bakinta. Ƙasar Ailan kuwa darasin dogaro ga abu ɗaya ne: daga 1845 cuta ta faɗa wa dankali, abincin talakawan ƙasar, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu.

Gida yana samun abinci ta noman kansa, ta saye, ta kiwo da kamun kifi da tsinko na daji, ko ta taimako daga dangi, gwamnati da ƙungiyoyi. Ko wacce da inda take karyewa. Noma yana karyewa da fari, ambaliya, ƙwari, da kuma sayar da amfani da kaka lokacin da ya faɗi warwas don biyan bashi, a dawo a saye shi da tsada kafin sabon girbi. Saye yana karyewa da rasa aiki da tashin farashi, kuma tashin na iya farowa daga nesa. Shinkafa, alkama da masara su ne kusan rabin kuzarin da ɗan Adam ke ci, ƙasashe kaɗan ne kuma ke fitar da mafi yawansu. A 2007 da 2008, da Indiya da Biyetnam suka taƙaita fitar da shinkafa, farashinta a kasuwar duniya ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan watanni. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren, waɗanda a tare suke fitar da fiye da kwata na alkamar da ake cinikinta a duniya, ya girgiza farashin burodi da taki a ƙasashen da ba su ji ƙarar harsashi ɗaya ba.

Abin yi shi ne kada kowane rukuni na abinci ya rataya a kan hanya ɗaya. A zauna da takarda, a rubuta watanni goma sha biyu, a gaban kowane wata a rubuta inda hatsi, wake, mai, kayan lambu da na dabba za su fito. Watan da ya fito da gurbi shi ake yi wa tanadi tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ke ajiyuwa, wato hatsi, wake, mai da gishiri, a saye shi da yawa lokacin da ya yi sauƙi. In kuɗi bai kai ba, gidaje uku ko huɗu su haɗa su yi sari su raba. Abin da ba ya ajiyuwa shi ya fi dacewa a noma a gida, kuma a nan ra'ayinmu a fili yake: mai ɗan fili kaɗan asara yake yi in ya shuka hatsi. Murabba'in mita goma ba zai ba da hatsin mako ɗaya ba, amma zai ba da ganye wata da watanni in ana shuka kaɗan-kaɗan duk mako biyu maimakon a watsa duka rana ɗaya. Kaza mai ƙwai tana cin kusan giram 110 zuwa 120 a rana, kuma kaji huɗu ko biyar da ake kula da su sun isa su ba yaran gida ƙwai kusan kullum, muddin ba a kwashe duka an kai kasuwa ba.

Ajiya: inda ake asarar abin da aka riga aka samu

Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan kashi 14 cikin 100 na abincin duniya yana lalacewa tsakanin girbi da isa wurin masu sayarwa. Danshi ne babban abokin gaba. Masara da makamantanta sai danshinsu ya sauka zuwa kashi 13 ko ƙasa, gyaɗa kusan kashi 7 zuwa 8. Wanda ba shi da na'urar awo ya yi gwajin gishiri: a sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsi zuwa sulusinta, a ƙara babban cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe ƙarau, a rufe, a girgiza minti ɗaya, a ajiye minti 15, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. A shanya a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa ba.

Dalilin tsanantawa shi ne fumfuna. Wani irinta da ke kama masara da gyaɗa yana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta, take jawo ciwon daji, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. A tsince duk ƙwayar da ta canza launi, ta yamutse ko ta fashe, a zubar. Kada a ba dabbar da ake tatsa, domin gubar tana fitowa a madara.

Ƙwari kuwa ana kashe su da hana su iska. Buhun nan mai leda biyu a ciki da aka ƙirƙiro a Jami'ar Purdue ta Amurka, ko durom ko jarka mai murfin da ke rufewa gam, duk aiki ɗaya suke yi: ƙwarin su shaƙe iskar da ta rage su mutu cikin 'yan makonni, babu magani. Abubuwa huɗu ke ɓata shi: zuba hatsin da bai bushe ba, barin sarari da yawa a sama, ɗan huji ko da na allura ne ko haƙorin ɓera, da yawan buɗewa. A ɗaure kowace leda daban bayan an matse iska, a ware na cin wata a wani mazubi dabam. Ƙwayar maganin hayaƙi da ake sa wa buhuna tana fitar da iskar da ke kashe mutum, ba a amfani da ita a gidan da ake kwana. A ɗora buhuna kan katako, a bar tazara da bango, a fara cin wanda ya riga shiga. A ajiye hatsi da ƙwayarsa, a riƙa niƙa na mako biyu ko uku, domin garin da ke da dusarsa yana da mai, kuma a wuri mai zafi yakan yi ɗaci da wuri.

Kayan lambu: ayaba, tufa da nunannen tumatir suna fitar da iskar da ke nunar da na kusa da su, a raba su da ganye. Dankalin Turawa a duhu, in ya yi kore ko ya tsiro a yanke wurin da zurfi, in ya yi yawa a zubar. Ganyen da za a busar a tsoma shi a tafasasshen ruwa minti ɗaya ko biyu, a shanya a inuwa mai iska, domin rana tana cinye bitamin A.

A tukunya da bayanta

Wake a jiƙa shi awa 8 zuwa 12, a zubar da ruwan, a dafa da sabo. Yana rage lokacin wuta da kumburin ciki. Jan wake mai siffar ƙoda sai ya tafasa sosai aƙalla minti 10, domin ɗanye-ɗanye yana sa amai da gudawa. Rogo mai ɗaci yana da guba mai suna sayanaid: a ɓare, a jiƙa kwana uku zuwa biyar har ya yi laushi, ko a gurza a matse a bari ya yi tsami, sannan a busar ko a soya. Gaggauta wannan a lokacin yunwa shi ke jawo cutar konzo, shanyewar ƙafafu da ba ta warkewa. Ganye a wanke kafin a yanka, a zuba a ƙarshen girki, ruwa kaɗan, kuma a sha ruwan.

Tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salsiyas ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki. In babu firji, a dafa daidai ci, abin da ya rage kuma a sake ɗumama shi har ya yi tururi ciki da waje, ya kai digiri 70, ba ɗumi-ɗumi ba. Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen nama ba sa taɓa abin da za a ci ɗanye sai an wanke da sabulu. Ruwan da ake shakka a bari ya tafasa sosai minti ɗaya. Wannan duk cikin ciyarwa yake, domin yaron da ke gudawa duk wata ko yake ɗauke da tsutsar ciki, abin da aka ba shi wucewa yake yi. Kuma ba a daina ciyar da mai gudawa: a ci gaba da nono da abinci, a ba da ruwan gishiri da sukari na fakiti da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana har mako biyu.

Don a san ko duk wannan yana aiki, yara ake dubawa, su ne ke fara nunawa. A auna nauyin ɗan ƙasa da shekara biyu duk wata. In wata biyu a jere bai ƙaru ba, a nemi dalili. Ɗan wata 6 zuwa shekara 5 a auna kaurin damtsensa na hagu, tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake, tef ɗin ba a matse ba: milimita 125 zuwa sama lafiya, 115 zuwa 124 tamowa ta fara, ƙasa da 115 ta yi tsanani. A danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa daƙiƙa uku. In rami ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne ko da yaron yana kama da mai ƙiba, kuma asibiti za a nufa a ranar. Kada a ɗura masa nama, ƙwai ko maganin ƙarin jini a gida don a gaggauta: zuciya da hantar irin wannan yaro sun raunana, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke farawa da wata madara ta musamman mai ƙarancin furotin da gishiri, kaɗan-kaɗan duk awa biyu ko uku, sai cin abincinsa ya dawo sannan a ƙara.